Tukunyar Zubi Ba Ta Kwana a Gidan Inna

Duk faɗin Maiduguri ban yarda akwai macen da ta fi ni iya zaɓen tukunya ba, amma har furfura ta fara leƙo mini a gefen kunne ban taɓa sayen ta kirki ko guda ɗaya ba. Ilimin banza na tara, na tsayuwa a rumfunan maƙera a Gamboru ina taɓa kayan da ba zan kai gida ba. Na san a ƙwanƙwasa gindin tukunya da zobe a saurara: in ƙarar ta ja da tsawo lafiyarta lau, in ta mutu nan take, to akwai tsaga a ɓoye. Na san a ɗaga ta saitin rana a leƙa ciki, ko haske zai ɓullo ta wata 'yar huda. Duk inda ƙyalli ya yi yawa sai in karce da farce, don wasu kan toshe rami su shafe shi da fenti ruwan azurfa. Kunnuwan su kasance tare aka zuba su da jikin, ba manna su aka yi da ƙusa ba, murfi kuma ya zauna daram kada ya riƙa rawa. Maƙeran har sun saba da ni. In sun hango ni sai su ce, "Ga likitar tukwane ta iso." Sai in gama dubawa, in yaba, in ajiye, in wuce layin masu silba in sayi irin wadda Inna take so, marar nauyi, mai jiki kamar gwangwanin madara.

Inna mahaifiyata ce. Ni ce autarta, ni ce kuma wadda aure bai riƙe ba, shi ya sa zama da ita ya faɗo a kaina. Mu masu shanu ne a da. Can wajen tafki aka haife mu, muna bin ciyawa inda ta yi, kuma a wurinmu dukiyar ɗakin mace ita ce abin da takarkari zai iya ɗauka, wato bijimin da ake ɗora wa kaya ranar tashi. Da daji ya lalace aka kore mana garke, mahaifinmu bai daɗe ba bayan haka ya rasu, sai Yayana ya kwaso mu ya kama mana haya a Old Maiduguri, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Shi ya shiga kasuwar shanu yana dillanci, ni na ƙarasa karatu na samu koyarwa a firamare. Ranar da muka sauka, Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kada kowa ya baje kaya. Damina ɗaya ce mu koma." Daminar ta zo ta wuce, wasu suka biyo ta, har muka daina lissafi.

Ita ma tana da nata gwajin tukunyar. Takan saƙala yatsa ɗaya a kunnen ta ɗaga. In ta taso, ta shiga gida. In ba ta taso ba, sai ta ce, "Wannan ta masu gari ce," ta kau da kai kamar an nuna mata abin ƙyama.

Wanda bai taɓa tuƙa tuwo a tukunyar silba a kan itace ba, bai san ɓacin rai ba. Ki sa muciya, tukunyar ta bi ki. Ki juya dama, ta juya dama. Sai na naɗe hannun hagu da tsumma na danne bakinta, hayaƙi na cin idona, ina tuƙi da hannu ɗaya kamar mai dambe. Gindin kuwa kafin tuwo ya nuna ya riga ya kama. Mutane suna samun ƙanzo a tukunyarsu, ni gawayi nake kankarewa. Burabuskona ba a rasa shi da ƙauri, miyar kuka in na juya baya in ɗebo gishiri ta ƙone. Ba a jimawa gindin ya huje, ruwa ya riƙa ɗiga cikin wuta yana cuu, cuu. Mai liƙin tukwane da ke zagaya unguwa ba ya ma tsayawa yin shela a ƙofarmu, sallama yake yi ya shimfiɗa buhunsa, don ya san ba za a rasa aiki ba. Akwai wata da ya liƙe har ya rasa wurin sa ƙusa, ya miƙo mini ya ce in yi haƙuri, in bar ta ta huta.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi cin raina shi ne ɗauri. Kullum in an gama cin abincin yamma, sai in wanke tukwanen, in jera ƙarama cikin babba, in kife murafan, in shimfiɗa wani tsohon zani in naɗe su. Daga nan Inna ta karɓa ta ɗaure da igiyar fata, wadda ta saƙa da hannunta tun tana amarya, igiyar takarkarinta. Ta ajiye ƙunshin a bayan ƙofa. Da safe in kwance, in dafa koko, in tafi makaranta. Da yamma a sake. Kowace rana ta Allah muna shirin tafiya, kowace safiya muna fasawa.

Wata rana tuwo ya ƙone mini har tsakiya, ga baƙin Yaya sun zo daga ƙauye suna jira a waje. Na yi jifa da muciya na ce, "Inna, don girman Allah, ina takarkarin? Nuna mini inda kika ɗaure shi in kai masa dusa."

Ba ta ko ɗago ba, tana tsince shinkafa. Ta ce, "Yayanki kullum yana cikin shanu. Ran da hanya ta buɗe, kafin azahar zai samo."

"In ta buɗe mu koma mu tarar da wa?"

"Mu tarar da ƙasa. Ita ba a kore ta ba." Ta hure ƙaiƙayi daga faifai. "Ɗauki muciyarki, auta, ta sha ƙasa."

Na ɗauka. Kullum ina ɗauka, abin da ke ƙona ni ke nan.

Maƙwabciyarmu Hajja 'yar asalin gari ce, Kanuri gaba da baya, kakanninta ma a unguwar aka binne su. Tukwanenta na zubi ne, jere a madafi, baƙaƙe ƙirin ta waje, ciki fari tas. Babbar cikinsu, in ji ta, ta kakarta ce. Wata Babbar Sallah ta leƙo ta katanga ta gan ni ina fama da naman layya a 'yar silba, mai na tsalle yana ƙona mini hannu. Ta yi mini sannu da yarensu, ta ce, "Wushe da aiki, 'yata. Wannan wahala har ina? Zo ki ɗauki tawa." Mu biyu muka kinkimo ta. Ranar na san ashe girki ba faɗa ba ne. Tukunyar ta zauna a murhu kamar an dasa ta, zafi ya bazu ko'ina daidai, nama ya soyu ja wur ba tare da ko ɗaya ya kama ba. Har na samu sararin zama a kujera ina fifita. Inna ta ci, ta ƙara, ta yaba. Da rana ta yi sanyi sai ta ce, "To, a mayar wa Hajja kayanta."

Na ce, "Inna, gobe ma akwai suya. Ita ta ce in riƙe har a gama."

"Gobe a sake arowa. Tukunyar zubi ba ta kwana a gidana."

Haka muka mayar da ita da sauran ɗuminta, da safe muka sake kinkimowa, da yamma muka sake mayarwa. Hajja tana dariya har da riƙe ciki, tana cewa tukunyar kakarta ba ta taɓa yawo irin na bana ba. Ni ban yi dariya ba.

Yaya ya yi iya ƙoƙarinsa. Da Allah ya buɗa masa, ya sayi gida a Limanti, ya ware wa Inna ɗaki mai banɗaki a ciki, ga famfo a tsakar gida. Ta je ta gani, ta sa albarka, ta sha ruwa, ta ce a mayar da ita. Hujjarta ita ce mai haya baƙo ne, wanda ya shiga gidan kansa kuwa ya zauna ke nan. Da yake ba za a bar ta ita kaɗai ba, ni ma ban shiga ba. Ƙawayena na wurin aiki suna sayen gado da firji, suna shuka mangwaro a filayensu, ni ko labule mai kyau in na rataya sai Inna ta dube shi ta dube ni. Ban koma daji ba, ban zama 'yar gari ba. Na ji haushinta, ba zan ɓoye ba. Wani lokaci ina wanke tukwanen nan ina ji kamar in taka su ɗaya bayan ɗaya.

Sai shekarar da ruwa ya ci gari. Tun da sassafe ake ta cewa yana zuwa, mu muna ganin ba zai iso mu ba. Da hantsi ya fara shigowa ta magudanar tsakar gida, wadda ya saba fita ta cikinta. Kafin in naɗe tabarmi ya rufe idon sawu. A waje mutane na gudu, ana kiran sunayen yara. Na shiga ɗaki in fito da Inna, sai na tarar ta riga ta yi ɗamara, ta ɗaure tukwanen da na kwance da safe, ƙulli mai kyau, cikin ƙiftawar ido. Fuskarta har wani haske take yi. Ban taɓa ganinta haka ba tun muna daji.

Ta ce, "Kin gani? Kin ga amfanin ɗauri? Su Hajja yanzu me za su ɗauka?"

Ta ɗora ƙunshin a ka, ba ta nemi taimako ba. Ta ratsa tsakar gida, ruwa a gwiwa. Daidai ƙofar fita ƙafafunta suka ƙi. Ba zamewa ta yi ba, ba tuntuɓe ba. Gwiwoyin ne kawai suka lanƙwashe, ta tafi ƙasa a hankali har ruwa ya kai mata ƙirji, hannunta ɗaya yana riƙe da ƙunshin a ka kada ya jiƙe. Na ɗago ta, ta sake gwadawa, suka sake ƙi. A haka Yaya ya same mu, ya fitar da iyalinsa ya ratso ruwa ya zo. Ya durƙusa ya goya ta. Na ɗauki ƙunshin, sai ya ce, "Ajiye. Ruwan titi yana da ja, hannu biyu za ki riƙe rigata." Na ɗora shi a kan katangar da ke tsakaninmu da Hajja, inda na ga ruwa ba zai kai ba. Inna tana bayan Yaya tana waiwaye har muka sha kwana.

Mun zauna a gidan wani abokin cinikin Yaya a can tudun gari, mata cike da ɗaki, kowa da labarin abin da ya bari. Inna ba ta ba da nata ba. Takan zauna ta miƙe ƙafafu tana kallonsu, wani lokaci ta matsa gwiwar da yatsa kamar mai taya kaya a kasuwa. Ko sau ɗaya ba ta tambayi tukwanen ba, wannan ya fi ba ni tsoro.

Da ruwa ya janye muka koma. Ɗakunan suna tsaye, laka har rabin bango, ga wari. Katangar kuwa ta zube. Ta wurin da ta zube na hango Hajja a madafinta, ta tono tukwanenta daga laka inda ta bar su, ko gusawa ba su yi ba. Ta wanke babbar da toka, har ta ɗora ruwan zafi. Namu ƙunshin sai da Yaya ya ɗaga bulo ya zaro shi. Tukwanen sun lotse sun shige cikin juna sun zama abu ɗaya, shafal kamar faifai. Zanin ya ruɓe. Igiyar ce kaɗai ba ta yi komai ba. Inna ta kwance ta, ta wanke, ta shanya. Na ce bari in je in sayo wasu silban. Ta ce in dakata. Muka yi ta cin abinci daga tukunyar Hajja, ana miƙo mana ta gurbin katanga.

Da labari ya zo cewa maƙeran Gamboru sun sake hura wuta, Inna ta ce in sa lotsattsun a buhu in tsayar da napep. Na ɗauka wurin masu sayen tsohon ƙarfe za mu. Sai ta ce in kai ta inda nake zuwa ina ɓata wa mutane lokaci. Ashe ta sani.

Babban maƙerin, wani dattijo mai ƙonannun yatsu, ya taso ya ce, "Lale, lale. Yau likita ta zo da babbar likita." Ya ba Inna benci. Ba ta zauna ba. Ta dafa kafaɗata ta bi jerin tukwanen da aka kife a ƙasa. Ta tsaya a kan wata matsakaiciya, mai kaurin gindi, ta saƙala yatsa ɗaya a kunnen ta ja. Ko motsi. Ta sa hannu ɗaya. Ta sa biyu, ta ɗan ɗaga gefe, ta sake ta ta koma ƙasa da nauyinta.

Ta ce, "Irin wannan. Tana kai shekara nawa?"

Ya ce, "Inna, wannan ba a tambayar shekarunta. Jikokinki za su yi rigima a kanta."

Ta karɓi buhun daga hannuna ta zazzage a gabansa. "Da waɗannan nake so a zuba."

Ya ɗaga dunƙulen da hannu ɗaya, ya jinjina, ya dube ni, ya dube ta. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Duk waɗannan in sun narke, murfi kawai za su yi. Jikin sai dai in zuba da nawa, akwai gwangwanaye da ƙarafan taga da ruwa ya karya."

Shekarun nan duka, wankewa da ɗauri da kwancewa, ashe murfi ne. Inna ta ce, "To, a yi murfin."

Sai a lokacin ta zauna. Muka kalli yadda ake yi. Ya kife wani murfi a cikin akwatin katako, ya cika da ƙasa mai danshi, ya daddanna da ƙafa da taɓarya, ya raba akwatin biyu ya zare murfin, siffarsa ta zauna a ƙasar sumul. Can gefe ana juya wilin keke yana hura gawayi, tukwanen Inna suna cikin kasko suna zubewa, har suka zama ruwa mai ƙyalli, datti na tasowa sama ana kwashewa. Yana shirin rufe akwatin sai Inna ta ce ya tsaya. Ta tsinci tsinke a ƙasa, ta ce in riƙe ta. Ta sunkuya da ƙyar a kan siffar murfin ta ja layi uku a ƙasar, sun haɗu a gindi sun baje a sama, kamar sawun zabuwa.

Na san shi. Lalas ɗin gidanmu ne, alamar da ake yi wa shanunmu a cinya da ƙarfe mai zafi, don ko sun shiga garken wani a gane su. Rabona da ganinsa tun ranar da aka kore su. Maƙerin ya duba, ya hure ɓurɓushin ƙasa a hankali ya rufe.

Da aka fasa ƙasar, alamar ta fito a kan murfin, ta taso sama kaɗan yadda yatsa zai ji ta. Ya goge bakin da magagari, ya ɗora a kan tukunyar da Inna ta zaɓa, ya zauna daram. Ya ce, "Likita, ba za ki duba ba?" Na ƙwanƙwasa da zobe don kada ya ji kunya. Ƙarar ta ja da tsawo. Ban ɗaga ta saitin rana ba, idona ba zai gani ba a lokacin.

Mai napep ne ya taya ni shigar da ita gida. Na tafasa dusa a ciki don baƙin sabunta ya fita, na shafa wa bayanta toka da ruwa, na ɗora tuwo. Hannu biyu na sa a muciya. Tukunyar ba ta bi ni ba. Yaya ya biyo da yamma daga kasuwa, ya leƙa madafi zai yi mini tsiya, sai idonsa ya faɗa kan murfin. Mutumin da yake wuni yana duba lalas ɗin shanun mutane. Ya tsaya, ya cire hula ya mayar, ya ce ya manta wani abu a waje. Ya daɗe bai dawo ba.

Tuwon ya yi kyau, babu ƙauri ko kaɗan, ƙanzon ya ɓanɓaro ja mai daɗi. Na yi shekaru ina jiran wannan tuwon, na kasa cin rabin malmala. Ashe duk tsakin da nake yi, ina jingine da Inna. Muddin akwai mutum ɗaya a gidan da yake ɗaure kaya kowace yamma, to ba mu zauna ba tukuna, ni ma ina da inda zan koma ko da ban yarda ba. Yanzu ta saki ɗaurin, sai na ji gidan ya matse ni fiye da da.

Na wanke kwanuka kafin magariba. Hannuna da kansa ya jawo zani na fara shimfiɗawa a ƙasa. Inna tana zaune a kujera kusa da murhu. Ta ce, "Me za ki naɗe?"

Na tsaya da zanin a hannu.

Ta ce, "Igiyar tana kan ƙusa. Gobe ki ɗaura ta daga taga zuwa bishiya, mu samu wurin shanya."

Na ce, "Inna, in hanya ta buɗe fa?"

"Sai ki je ki gano mini."

Na ce bari in sauke tukunyar in kai ɗaki, ta ce in bar ta inda take, nan za ta kwana. Ta jawo kujerarta ta matsa, ta ɗora tafin hannunta a kan murfin, daidai kan sawun zabuwar, yadda takan dafa cinyar saniya kafin ta fara tatsa. Aka kira salla ba ta ɗauke hannun ba.

Ta ce, "Auta, zo ki ji. Da ɗuminta."